Injin da Ke Shan Ƙanƙara

Tun da Goggo Yelwa ta fara sayar da ƙanƙara a Azare ba ta taɓa samun mai saye irin ɗan hayarta ba, ba ta kuma taɓa yin cinikin da ya hana ta sukuni kamar nasa ba.

Dattijuwa ce da ta ba sittin baya. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai sassa biyu a wata tsohuwar unguwa da ke bayan kasuwa. Tana zaune a sashen gaba, inda ta jera firizojinta a zaure, sola na ba su wuta daga kan rufi. Sashen baya kuwa, mai ƙofarsa daban ta cikin lungu, shi take bayarwa haya. Kunnenta na hagu ba ya ji. Kunnen ya mutu tun shekarun nan da ake tayar da bama-bamai, ranar da ta fita cefane wani ya tashi ba nisa da ita. Ba ta ba da labarin ranar, amma duk unguwa an san in za ka yi mata magana, ta dama za ka tsaya.

Ɗan hayar sunansa Malam Abdulrahim, mutumin Giade, siriri mai tabarau, malamin ilimin sinadarai a wata babbar makaranta da ke wajen gari. An ce ya daɗe yana karatu a ƙasar waje. Iyalinsa na Giade wajen iyayensa, ya ce sai ya kintsa zai ɗauko su. Da ya zo neman hayar bai ja da kuɗin ba, sai dai ya roƙi a bar shi ya ƙara wa daɓen babban ɗakin siminti, a kuma bar shi ya toshe tagoginsa. Ya ce kayan aikinsa na da nauyi, kuma ba sa son ƙura. Goggo ta ce ba komai. Daga baya ne ta riƙa juya maganar tagogin nan a ranta.

Kayan sun iso cikin manyan akwatunan katako, sai da majiya ƙarfi suka taru aka shigar da su. Bayansu sai ga dogayen tukwanen gas, irin na masu walda, ana kawowa a keke napep. Ya cika rufin sashensa da sola, ya jibge batura. Can kuma sai wani ƙugi ya fara fitowa daga ɗakin, ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa. Goggo ba da kunne take jinsa ba. In ta zauna a tabarma ta nan ƙasa yake zo mata, ya bi ƙashin bayanta.

Sannan aka shiga batun ƙanƙara. Kullum da safe, da kuma bayan la'asar, Malam Abdulrahim zai turo baro har ƙofar zaure, ya gaishe ta cikin ladabi, ya loda ƙanƙara iya cikin baron, ya juya. Ba ya sayar da zoɓo, ba ya sayar da kifi, ba shi da iyali a gidan.

Azumi ya kama cikin tsakiyar zafin bazara, lokacin da ƙullin ƙanƙara ɗaya ke iya haɗa maƙwabta faɗa. Matan unguwa sukan zo saye da yamma su tarar an kwashe rabi.

Ya Gana ce ta fara furta abin. Maƙwabciyar Goggo ce, Babarbariya mai sayar da turaren wuta da humra, wadda rikici ya koro su daga garinsu suka zo Azare da kayan jikinsu kaɗai. Bangon ɗakinta a manne yake da na Malam Abdulrahim. Ta shigo wata rana da hantsi, ta zagaya ta zauna ta daman Goggo, ta rage murya.

"Hajiya, mutumin nan naki, kin san abin da yake yi a ɗakin can?"

"Aikin makaranta, in ji shi."

"Aikin makaranta a makaranta ake yi. Jiya ina shanya ina jinsa a waya. Rabi Turanci rabi Hausa. Da kunnena na ji ya ce in abin ya bugi gas ɗin zai tarwatse. Ya ce sai an ƙara masa gudu."

"Ya Gana, ki ji tsoron Allah. Mutumin da ba ya rasa jam'i?"

"Wanda ya zauna a unguwarmu can ma ba ya rasa jam'i," in ji Ya Gana. "Shi ma shiru-shiru ne. Shi ma mun ga ana shigar da kaya, kowa ya ce ba ruwansa."

Ta tashi ta tafi, ta bar ƙanshin turarenta da maganarta a zauren.

Goggo ba mai saurin ɗaukar zance ba ce. Ta san Ya Gana, ko tayar babur ce ta fashe sai ta yini ba ta ci abinci ba. Amma daga ranar sai idonta ya buɗe a kan abubuwan da da ba ta kula da su ba. Ta lura Malam Abdulrahim ba ya zama a majalisar ƙofar masallaci. Ta lura in ya fito, ko nan da bakin lungu ne, sai ya kulle ƙofa ya jijjiga kwaɗon. Ta ga wani tabon ƙuna a bayan hannunsa. Kowanne cikinsu ba komai ba ne, ita ma ta sani. Amma in ta haɗa su wuri ɗaya sai ta ji bakinta ya bushe fiye da na azumi.

Ta ga zaman zullumi ba zai kai ta ko'ina ba. Da ya turo baronsa washegari, ta tsare shi.

"Malam, wai ni kam wane irin ƙishi ne da kai?"

Ya yi dariya. "Ba ni ba ne, Goggo, injina ne. Ko za ki zo ki gan shi?"

Ba ta zaci zai gayyace ta ba. Ta ja mayafi ta bi shi, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Ɗakin da ta sani, inda ta taɓa ajiye buhunan gero, ya zama wani wuri daban. Wani dogon bututun ƙarfe mai ƙyalli ya taso daga wannan kusurwa, ya lanƙwasa ta tsakanin wasu manyan ƙarafa, ya nufi waccan. Wayoyi ko'ina. Tukwanen gas an ɗaure su da sarƙa a jikin bango. Ga wani shuɗin durom cike da ruwa, ƙanƙararta na yawo a ciki, robobi sun fita daga gare shi sun shige ƙarƙashin injin. Ɗakin na warin mai mai zafi.

Malam Abdulrahim ya tsaya ta damanta, abin da ya nuna mata shi ma yana lura da mutane. Fuskarsa ta saki irin yadda ba ta taɓa gani ba.

"Goggo, komai na duniya, ruwa ne, iska ce, gishiri ne, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Wani haɗin yana zama lafiya, kamar gishirin miyarki, ya shekara yana nan yadda yake. Wani haɗin kuma ba ya zama. Da ya taɓa wani abu, ko da iska ce, sai ya wargaje. Ba a iya zuba shi a kwalba. Wasu ma har masana na musu ko akwai su. To irin waɗannan nake bi."

Ya taka zuwa farkon bututun ya ɗora hannu.

"A nan nake haɗa abin, in sa masa cajin lantarki, don mai caji shi ake iya ja a juya. Sai in harba shi da gudu cikin bututun. Wannan ƙaton maganaɗisu ne, shi ke tace wanda nake so ya wuce. A nan sai ya ratsa ta cikin gas ɗan kaɗan, gas ɗin ya raba shi da cajin. Daga nan yana tafe shi kaɗai, ba abin da zai taɓa, don an zuƙe iskar bututun kaf. Tafiyar ko kusa da ƙiftawar ido ba ta kai ba. A nan gaba ya ci karo da wani gas ɗin, ya sake samun caji, sai injin ya auna nauyinsa. In ya iso da nauyinsa cif, to ya rayu, akwai shi ke nan. In gutsattsari suka iso, ya tarwatse a hanya. Su ma gutsattsarin sukan gaya mini yadda aka gina shi."

"Ƙanƙarar fa?"

"Injinan da ke zuƙe iskar, mai suke dafawa, dole ruwan sanyi ya riƙa zagaya su. Na'urar sanyaya ruwan ta lalace a hanya, shi ne na koma ga ƙanƙararki."

"To in ka gano akwai abin, sai a yi me da shi?"

"Sani ne dai, Goggo. Irinsu na cikin harshen wuta, suna can sararin sama. In an san su an ƙara fahimtar yadda abubuwa ke ƙonewa, da yadda suke haɗuwa."

"Wa ya ba ka injin?"

"Malamina na can waje. Injin tsoho ne, sun daina aiki da shi, za su sayar wa masu gwangwan. Na roƙa aka ba ni. Ɗakin da makaranta za ta sa shi ba a gama ginawa ba, in kuma ya yi damina a akwati tsatsa za ta cinye shi." Ya shafa bututun. "Burina in gama daidaita shi kafin Sallah. Ranar da zai yi harbin farko, ke zan fara kira."

Goggo ta yi godiya ta fito. Ya yi mata bayani tsakani da Allah, ta ga haka a idonsa. Amma cikin duk abin da ya faɗa, kalmomin da suka biyo ta har zaure su ne harbi, da gas, da tarwatsewa, da kafin Sallah. Mutum ya ɗauko ƙarfe mai wannan girma daga wata uwa duniya, ya kashe abin da ya kashe, don ya ga abin da ba a gani, ba a ci, ba a sayarwa? Kuma kyauta aka ba shi? Da ya ce mata magani yake haɗawa, ko taki, da ta fi samun inda za ta ajiye zancen.

'Yarta Husaina, malamar firamare da ke aure a wata unguwar, ta zo gaishe ta a ranar. Goggo ta kwashe komai ta faɗa mata. Husaina ta yi dariya, ta daddanna wayarta, ta nuna mata hoton wani inji a wata ƙasa.

"Ga irinsa nan, Inna. Abin karatu ne."

"Kin ga nasa?"

"Ban gani ba."

"Kin taɓa jin wanda ya ajiye irinsa a gidan haya?"

Husaina ta mayar da wayarta jaka. Da za ta tafi ta ce, kamar ba da wata manufa ba, yaran ba za su zo kwana a wannan makon ba, suna da hadda.

Wannan ne ya fi komai taɓa Goggo. Wadda ta yi mata dariya ma ta janye 'ya'yanta.

Azumi ya shiga goman ƙarshe. Gari ya cika, kasuwa ba masaka tsinke, teloli ba sa ɗaga kai. Aka sake kawo wa Malam Abdulrahim tukwanen gas biyu. Ya Gana ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin da ke jikin bangonsa ta koma rumfar tsakar gida. Duk lokacin da Goggo ta rufe ido sai ta ga filin Idi, sahu bayan sahu, yara da sababbin kaya. In ta yi magana alhali mutumin nan ba shi da laifi, ta zalunce shi. In ta yi shiru kuma abin ya tabbata, a gidanta aka haɗa, da ƙanƙararta aka sanyaya. Ta auna biyun har ta gaji, kullum na biyun ke rinjaya.

Ta shirya ta tafi gidan mai unguwa, Alhaji Babayo, abokin marigayi mijinta.

"Alhaji, ba ƙara na kawo ba," ta ce. "Ban ga laifinsa ba. So nake a sami wanda ya san kan abin ya duba a hankali, ba tare da an tozarta shi ba. Kuma kada sunana ya fito."

Alhaji Babayo ya saurare ta har ƙarshe yana jan carbi.

"Hajiya, kin kyauta da kika zo. Amma irin wannan magana in ta shigo kunnena ba ni da ikon riƙe ta. Zan kai ta inda ya dace, in roƙe su su bi a sannu."

Ba su bi a sannu ba. Washegari bayan azahar motoci suka toshe bakin lungun ta kowane gefe. Jami'an tsaro suka bi gida-gida suna cewa kowa ya fita. Mata suka fito da goyo, wasu ba takalmi. Aka kira Goggo a matsayinta na mai gida, aka tsayar da ita a bakin ƙofar sashen baya. Tana nan aka fito da Malam Abdulrahim, da singileti, hannuwansa a baya, tabaransa ya karkace.

Bai yi gardama ba, bai tambayi laifinsa ba. Abu ɗaya yake ta maimaitawa.

"Ranka ya daɗe, ku tafi da ni duk inda kuke so, amma don Allah kada a yanke wutar haka. Akwai wani makulli irin kan famfo mai jan mariƙi a ƙarƙashin bututun, a fara rufe shi. A bar ruwan yana zagayawa har man ya huce. In aka kashe kai tsaye mai zai haura ya cika injin."

"Ba wanda zai taɓa komai a ɗakin nan," in ji babban jami'in.

Sai Malam Abdulrahim ya hango ta.

"Goggo! Alhamdu lillahi. Goggo, ke kin shiga, kin gani. Gaya musu. Makullin na nan kusa da durom ɗin ƙanƙara, juyi ɗaya ne zuwa dama. Ki roƙe su su bar ki."

Duk ido ya dawo kanta. Babban jami'in ya dube ta.

"Hajiya, kin san abin da makullin zai yi in an juya shi?"

Ta dubi Malam Abdulrahim. Fuskar mai roƙo ce, ba ta ga mugunta a ciki ba. Amma ta tuna ranar kasuwa ma ba ta ga komai a fuskar kowa ba.

"Ban sani ba," ta ce.

Aka sa shi a mota. Wani jami'i ya hau tsani ya datse wayoyin da suka sauko daga rufi, wani ya zare na baturan ta waje. Ƙugin nan da ya yi watanni yana bin ƙashin bayanta ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Mutane suka toshe kunnuwa suna jira. Ba abin da ya faru.

Aka manna wa ƙofar takarda, aka ajiye masu gadi, aka ce sai masana sun zo daga Bauchi. Sallah kuma ta riga ta kawo kai, ofisoshi sun fara watsewa.

Ana jajibiri sai ga wata mata a zauren Goggo, doguwa, da jaka a hannu, da 'yan mata ƙanana biyu a bayanta. Ta ce sunanta Khaulat, matar Malam Abdulrahim ce, daga Giade take. An hana ta ganinsa, an hana ta shiga sashensa, kuma ba ta san kowa a Azare ba.

"Yakan ce kin riƙe shi kamar ɗa," ta ce. "Shi ya sa na nufo nan."

Goggo ta ba su ɗakin Husaina na da. Tare suka yi aikin Sallah. Khaulat ta karɓi tuƙin tuwo, ta yi wa yaran kitso a tsakar gida, ba ta yi kuka a gabansu ba. Sai bayan an sauko daga Idi, suna zaune su biyu, ta fara magana.

"Shekarun da ya yi a waje, Goggo, kan injin nan ya yi su. Da za a kawo shi, gonarsa ta gado ya sayar. Na yi fushi, har gida na tafi. Amma mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa?" Ta share ido da bakin mayafi. "An ce daga unguwar nan aka kai maganar. Ni na san ko wace ce. Matar can mai turare, tun da na zo ba ta iya haɗa ido da ni."

Goggo na riƙe da kwanon cincin. Ta buɗe baki, sai ƙaramar yarinyar ta shigo da gudu tana nuna lallenta, maganar ta koma ciki. Ta bar Ya Gana da ɗaukar laifin har aka gama shagalin Sallah.

Bayan hutu masanan suka zo, tare da wasu malamai daga makarantarsa. Sun yini a ɗakin. Da suka fito babbansu ya gaya wa Alhaji Babayo cewa na'urar bincike ce, ba abin da ke fashewa a ciki, sai dai bai kamata a ajiye tukwanen gas haka a tsakiyar gidajen mutane ba tare da an sanar da kowa ba. Aka saki Malam Abdulrahim.

Ya dawo ya rame, kuma ba shi ne mutumin da ya tafi ba. Ya buɗe injin ya tarar da abin da ya ji tsoro: mai ya bi bututun tun daga farko har ƙarshe, ya yi baƙi ya daskare a wuraren da ko yatsa ba a yarda ya taɓa ba. Ya mayar da iyalinsa Giade, ya dawo ya zauna kwance ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana wankewa. Yanzu shi ne mai kallon mutane. In an gaishe shi a masallaci sai ya ɗan tsaya yana duban mai gaisuwar kafin ya amsa. Ya daina sayen burodi a shagon bakin lungu. In ya hango Ya Gana sai ya sauya hanya. Goggo kaɗai yake sakar wa fuska.

Wannan ne ta kasa ɗauka. Wata safiya ta zagaya ta lungu ta yi sallama. Ta same shi zaune a kan tabarma, ƙananan ƙarafa jere a kan farin ƙyalle, yana goge wani da auduga.

"Malam, ka daina zargin Ya Gana. Tsoro ta ji, amma ba ta je ko'ina ba. Ni na je wajen mai unguwa."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta.

"Ke, Goggo? Ai ke na nuna wa komai."

"Ka nuna mini."

"Da kin sake tambayata. Da na sake yi miki bayani, ko sau nawa ne."

"Na tambaye ka, ka amsa, kuma ban ce ka yi mini ƙarya ba. Amma ban gane ba, ɗan abin da na gane kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ba ni da hanyar da zan bi in san gaskiyarka, Malam. Ga Idi na tahowa." Ta gyara mayafinta. "Abin da ya same ka da injinka, da Sallar da 'ya'yanka suka yi ba ka, ina neman gafararka. Amma ba zan ce maka da na sake samun kaina a wurin zan yi shiru ba, don ban sani ba."

Ya ajiye ƙarfen a kan ƙyallen, ya daidaita shi da sauran.

"Matata ta ce ke kika riƙe su."

"Na riƙe su."

"Kina sane ke kika kai maganar."

"Ina sane."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Da na san haka ne, da tun ranar da akwatunan suka iso na kira mai unguwa da liman na buɗe a gabansu. Ban yi tunanin yadda abin yake a idon wanda ke waje ba. Wannan laifina ne." Ya mayar da tabaran. "Na yafe, Goggo. Amma ki ba ni lokaci kafin zuciyata ta bi bakina."

Ba su ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan. Yakan gaishe ta, ta amsa. Surutun da abin ya jawo ya sa aka hanzarta gama ɗakin makarantar, kafin ruwa ya zauna sosai ya kwashe kayansa ya koma can, ya kama wani gidan a wata unguwa ya kawo iyalinsa. Husaina ta ji a bakin wata malama cewa har yanzu wankin injin yake, kuma wani sashe nasa sai an nemo daga waje, in ma za a samu.

Ranar da ya kawo makullin sashen, bayan ya tafi, Ya Gana ta shigo.

"Hajiya, mu je mu duba ɗakin."

"Mu duba me? Ba kin ji abin da masana suka ce ba?"

"Na ji. Sun ce ba su ga komai ba. Mu dai je."

Goggo ta yi tsaki, amma ta ɗauki makullin. Ɗakin wayam, an share shi tas, sai tabon mai a kan siminti da ramukan ƙusoshi a bango. Ya Gana ta bi kusurwa-kusurwa tana ƙwanƙwasa daɓen da dunduniya, tana kasa kunne. Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana ce mata ta bari haka nan, abin kunya ne, mutumin nan an zalunce shi iya zalunci. Tana cikin faɗin haka idonta ya kai kan silin, inda wani allo ya ɗan goce daga mazauninsa.

"Ya Gana," ta ce, "miƙo mini sandar can."